Daga bulon toka zuwa akwatin sola: inda tallafi ya kai wata injiniyar Gaza, da inda ya tsaya

Wannan nazari ya bi sawun wata matashiya 'yar birnin Gaza, injiniyar gine-gine, tun daga lokacin da ta shiga neman abin da zai maye gurbin kayan ginin da aka hana shigowa, har zuwa lokacin da ta koma kai wa gidaje wutar sola. An sakaya sunanta da na kamfanoninta biyu. Abin da ake son gani shi ne irin tallafin da ya riske ta a kowane mataki, wato kyautar gasa, da zaman horo a ƙasar waje, da shawarar gogaggun 'yan kasuwa, da kuɗin karo-karo, sannan abin da kowannensu ya iya yi mata. Alƙaluman da suka shafi aikinta daga bakinta suka fito, yawanci a wani jawabi da ta yi a Amurka a ƙarshen 2018.

## Asalin matsalar: Gaza bayan yaƙin 2014

Zirin Gaza murabba'in kilomita 365 ne kacal, mutanen cikinsa kuwa sun doshi miliyan biyu a wancan lokaci. Tun watan Yunin 2007, da Hamas ta karɓe iko, Isra'ila ta tsananta killace yankin ta ƙasa da ruwa da sama, Masar ita ma ta riƙa garƙame nata ɓangaren. Shekaru da dama mafi yawan simintin da ake gini da shi ta ƙarƙashin ƙasa yake shigowa, ta ramukan da aka haƙa tsakanin Rafah da Sina'i. Daga tsakiyar 2013 sojojin Masar suka shiga rusa ramukan, siminti ya yi tsada, magina suka zauna.

Ana cikin haka yaƙin 2014 ya ɓarke, daga 8 ga Yuli zuwa 26 ga Agusta. Falasɗinawa fiye da 2,100 suka rasu. Gidaje kimanin 18,000 suka rushe ko suka lalace yadda ba za a iya zama a cikinsu ba, mutum wajen 100,000 suka rasa matsuguni. A watan Oktoba ƙasashe suka taru a Alƙahira suka yi alƙawarin dala biliyan 5.4, amma kuɗin a hankali suka riƙa ɗigowa, wasu ma ba su zo ba.

Ko mai kuɗi a hannu ba ya shiga kasuwa ya ɗauko siminti yadda ya ga dama. Isra'ila ta sa siminti da rodi cikin kayan da ta ce ana iya karkatar da su zuwa aikin soja, musamman ginin ramukan Hamas. A watan Satumbar 2014 aka kafa wani tsari tsakanin Isra'ila da Hukumar Falasɗinawa da Majalisar Ɗinkin Duniya. A ƙarƙashinsa sai an zo an auna ɓarnar gidan mutum, an sa sunansa a rajista, Isra'ila ta amince, sannan ya je wurin dillalin da aka yarda da shi ya sayi iya buhunan da aka rubuta masa. Rumbunan dillalan ma da kyamara a kansu. Wani talakan da aka ba buhunan ba shi da kuɗin leburori, sai ya sayar a bayan fage. A watan Afrilun 2016 Isra'ila ta dakatar da shigar da siminti ga masu gini na ƙashin kansu har fiye da mako shida, bisa zargin ana karkatar da shi.

A ɗaya gefen kuma ga zaman banza. Bankin Duniya ya ce a 2015 rashin aikin yi a Gaza ya kai kashi 43 cikin ɗari, na matasa ya haura kashi 60. Gari yana neman gini ruwa a jallo, jami'o'i suna yaye injiniyoyi duk shekara, su kuma suna zaune a gida. Injiniyar da ake magana a kanta a Jami'ar Musulunci ta Gaza ta yi karatu, a ajin da ta ce mace ɗaya ce ga kowane maza shida.

## 2015 zuwa 2016: abin da ya ƙi da abin da ya karɓa

Bulon da aka saba da shi siminti ne da yashi da tsakuwa da ruwa. Gaza tana da yashi, amma siminti da tsakuwa daga waje suke zuwa. Don haka tambayar da ita da wata abokiyar karatunta suka sa a gaba ita ce: me ke zube a cikin gari wanda zai rage abin da ake jira daga mashiga?

Sun fara da takarda a madadin tsakuwa, bai yi ba. Suka gwada garin gilashi a madadin wani kaso na siminti, shi ma ya ci tura. Suka koma ga laka, suka ce a gasa ta a yi jan bulo, nan ma haƙa ba ta cimma ruwa ba. Sai dai wajen gasa lakar ne toka ta taru musu tuli, daga nan hankalinsu ya koma kanta.

Haɗa toka da siminti ba sabon abu ba ne a aikin injiniya, an daɗe ana amfani da tokar kwal ta tashoshin lantarki. Wahalar ita ce tokar da ake samu a Gaza ta gawayi da itace ce, wadda gidajen abinci da ƙananan masana'antu ke zubarwa, kuma ta yau ba lallai ta zo daidai da ta jiya ba. In ta yi yawa a kwaɓi bulo ya riƙa marmashewa, in ta yi kaɗan ba a rage komai ba. A cewarta sai da suka yi gwaji fiye da 150 da bai yi ba, cikin sama da wata shida, kafin su dace da ma'aunin. Bulon da ya fito na toka ne da niƙaƙƙen ɓaraguzan gidajen da aka rusa, da siminti ɗan kaɗan. Ya fi na kasuwa sauƙin nauyi sosai, ya kuma fi shi araha.

Duk wannan aiki an gama shi kafin wata kyauta ta zo. Masu tallafi sun tarar da bulo a hannu ne.

## 2016 zuwa 2017: gasa da tafiya Japan

Taimakon farko daga cikin gida ya fito, daga wani shirin rainon ƙananan sana'o'i a Gaza, wanda ya ba su damar buga kashin farko na bulon da za a iya gini da shi. A shekarar 2016 ɗin kuma suka shiga wata gasar sababbin dabarun kasuwanci da wasu Japanawa suka shirya wa matasan Gaza, suka zo na ɗaya. Alaƙar Japan da Gaza ba ta ranar ba ce. Akwai unguwa guda a Khan Yunis da Japan ta ba da kuɗin gina ta, kuma shekaru da dama yaran makarantun UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, a garin suna sakin jiragen takarda masu zare sama a watan Maris don tunawa da waɗanda igiyar ruwan 2011 ta hallaka a Japan.

Abin da gasar ta fi ba ta shi ne tafiya. A 2017 ta je Japan, inda injiniyoyi suka gwada bulon da na'urorin da babu irinsu a Gaza, suka kuma ba ta shawara kan kwaɓin. Ga mai sayar da kayan gini wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda zai ɗora rufi a kan 'ya'yansa yana son ya ji wa ya gwada bulon, kuma me ya gani.

Ya kamata a tsaya a kan kalmar "ta je", domin a Gaza fita aiki ne mai zaman kansa. Filin jirgin saman yankin da aka buɗe a 1998 sojojin Isra'ila sun lalata shi a 2001 da 2002. A wancan lokaci ƙofa biyu ta rage wa matafiyi. Ta Rafah, wadda ke hannun Masar, kwana 32 kawai ta buɗe a duk shekarar 2015, kwana 44 a 2016, kwana 36 a 2017, dubban mutane kuma suna kan layi. Ta Erez kuwa sai da izinin Isra'ila, sannan Jordan ta ba da takardar da mutanen Gaza ke kira adam mumana'a, wadda ke nuna ba ta da ja a kan mutum ya ratsa ƙasarta ya hau jirgi a Amman. Mai neman bizar Amurka yana da ƙarin hawa ɗaya: ganawar a Birnin Ƙudus ake yi, zuwa can ma sai da wani izinin. Kowace takarda da wa'adinta, kuma sau da yawa kafin ta uku ta fito ta farko ta mutu. Ɗalibai da dama sun rasa guraben karatu ta wannan hanya.

Zuwa ƙarshen 2018, a lissafinta, bulon ya samar wa mutum fiye da 30 aiki, an kuma gyara gidaje kimanin 50 da shi, kowane yana ɗaukar iyali mai mutum takwas. Ta kuma horar da sababbin injiniyoyi, maza da mata.

## Inda bulon ya cije

Gida 50 ne a garin da ya rasa 18,000. Abubuwa da dama suka taru suka hana shi yaɗuwa.

Bulon ya rage buƙatar siminti ne, bai kawar da ita ba. Ranar da aka hana siminti shigowa, shi ma ya tsaya. Injin niƙa ɓaraguzai da na buga bulo da lantarki suke aiki, lantarkin kuwa 'yan awoyi ne a rana, man janareta kuma yana cinye sauƙin farashin da ake taƙama da shi.

Sai batun mai saye. Mafi yawan sake ginin da kuɗin ƙasashe masu ba da agaji ake yin sa, ta hannun hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, kashi-kashi ake biya, injiniya yana zuwa ya duba kafin a saki kashi na gaba. Magidancin da ya shekara biyu yana jiran sunansa ya fito ba shi da sha'awar gwada sabon abu. Magini ma abin da hannunsa ya saba da shi yake so.

Kasuwar ita ma ta juya. A watan Fabrairun 2018 aka fara shigo da kaya daga Masar ta ƙofar Salahuddin, har da siminti, ba tare da bin wancan tsarin rajista ba. Ƙarancin da ya haifi bulon toka ya ɗan sassauta. Fitar da shi waje kuwa ba ta taso ba, don bulo kaya ne mai nauyi da arha, kuma abin da ake bari ya fita daga Gaza ƙalilan ne.

## 2017: duhu a gida, wata uku a Boston

A wancan lokaci Gaza tana buƙatar megawat 450 zuwa 500 na lantarki. Layukan Isra'ila suna kawo 120, na Masar ƙasa da 30 in suna aiki, tashar lantarki ɗaya tilo da ke Nusairat, wadda aka yi wa ruwan bama-bamai a 2006 da 2014, takan ba da wajen 60. A lokacin sauƙi awa takwas ake kawowa a ɗauke awa takwas, kuma da wannan jadawalin mata ke tsara wanki da tuya da gugar kaya.

A watan Afrilun 2017 tashar ta tsaya cik saboda taƙaddamar harajin mai tsakanin Hamas da Hukumar Falasɗinawa ta Ramallah. A watan Yuni, bisa buƙatar Hukumar, Isra'ila ta rage abin da take bayarwa zuwa kimanin megawat 70. Wuta ta koma awa uku zuwa huɗu a rana, a tsakiyar zafi. A cikin Afrilun dai Hukumar ta zaftare wa ma'aikatanta na Gaza kusan kashi 30 na albashi.

Mutane sun riga sun ƙirƙiro dabarunsu. Masu hali suna jan waya daga babban janaretan unguwa, kamar yadda masu shaguna a kasuwanninmu ke jan layi daga wurin mai inji, amma kilowat ɗaya a can yakan kai shekel huɗu, wato kuɗin Isra'ila da ake kashewa a Gaza, alhali na gwamnati wajen rabin shekel ne. Matsakaita suna da batir da 'yan ƙananan fitilu. Talaka kuwa kyandir, kuma a watan Mayun 2016 yara uku 'yan gida ɗaya suka ƙone a sansanin Shati sanadiyyar kyandir.

A wannan bazarar injiniyar ta samu gurbi a wani shirin horo na wata uku a Jami'ar Brandeis da ke kusa da Boston. Shirin yana tara matasa Falasɗinawa da Isra'ilawa, ya koya musu lissafin kasuwanci da tsara kamfani, ya haɗa su da gogaggun 'yan kasuwa masu bibiyar aikinsu, ya kuma zuba jarin farawa a ayyukan da aka zaɓa. Irin waɗannan shirye-shiryen haɗin gwiwa suna da masu suka a tsakanin Falasɗinawa, waɗanda ke ganin zama teburi ɗaya alhali mamaya na nan tamkar halatta ta ne. Duk wanda ya shiga ya san da wannan magana.

Ta shiga da bulo, ta fito da kamfanin sola. Shirin bai ɗaure ta a kan abin da aka san ta da shi ba. Sabon aikin ma ba ƙirƙira ba ce irin ta farko: ƙaramin akwati ne da ake sayowa daga Sin, da faranti da batir, a daidaita shi da buƙatar gidan Gaza. Yana ɗaukar fitilu da fanka da talabijin da kwamfuta da cajin waya da na'urar intanet. Aikinta shi ne shigo da shi, da horar da 'yan gari su sayar, su kafa, su gyara.

## 2018: izini, farashi da karo-karo

Kafin akwati ɗaya ya shigo sai da ta shawo kan hukumomin Isra'ila da na Falasɗinawa, domin batir da kayan sola ma suna cikin abubuwan da ake sa wa ido. Hanyar kayan doguwa ce: jirgin ruwa ya sauke a tashar Ashdod ta Isra'ila, mota ta kai su mashigar Karam Abu Salim, a sauke a bincika, wata motar ta ɓangaren Gaza ta ɗauka. Kowace rana ta jinkiri kuɗin ajiya ne.

An fara da gidaje kaɗan. Ta ba da labarin cewa bayan sun kafa na farko a wani sansanin 'yan gudun hijira, da ta koma washegari sai ta tarar da mutanen unguwa sun taru suna kallon ƙwallo. Wannan ya sa ta yi odar kusan guda 200.

Nan aka ci karo da farashi. Akwati ɗaya dala 350 ne. Ƙididdigar Falasɗinawa ta 2017 ta nuna kashi 53 cikin ɗari na mutanen Gaza suna cikin talauci, kuma kusan mutum miliyan ɗaya daga UNRWA suke karɓar abinci. Ma'aikacin gwamnati, wanda a da shi ne abokin cinikin da ake dogara da shi, albashinsa ya ƙara raguwa a 2018. Wanda zai iya biyan dala 350 a take yawanci yana da layin janareta tuni. Wanda ke kunna kyandir kuwa ba shi da ita.

Abu biyu aka yi. Na farko, aka sa gida biyu su haɗa kuɗi su sayi akwati ɗaya su raba wutar. Wannan ya dace da yadda ake zama a Gaza, inda uba ke ƙasa, 'ya'yansa da suka yi aure suna hawa na biyu da na uku, a sansanoni kuma bango ɗaya ke raba maƙwabta. Na biyu, ta buɗe karo-karo ta intanet, mutane daga ƙasashe daban-daban suka ba da abin da ya sawwaƙa, aka yi amfani da kuɗin wajen rage farashin kowane akwati. Ba kyauta aka raba ba, mai saye yana biyan nasa kason.

Karɓar kuɗin karo-karo ma da nasa ciwon kan. PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, ba ya yi wa Falasɗinawan Gaza da na Yammacin Kogin Jordan aiki, duk da cewa Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna a yankin suna amfani da shi, abin da ya jawo gangamin ƙorafi tun 2016. Bankunan ƙasashen waje kuma suna ɗari-ɗari da duk kuɗin da za a tura Gaza saboda dokokin hana tallafa wa ta'addanci. Shi ya sa masu irin wannan aiki sukan nemi abokin hulɗa ko rajista a wata ƙasa, kuma sanayyar da aka ƙulla a wurin horo a nan take amfani.

Shekarar ba ta yi sauƙi ba. Zanga-zangar bakin iyaka ta fara a 30 ga Maris. A watan Yuli Isra'ila ta rufe Karam Abu Salim ga komai sai abinci da magani, saboda balan-balan masu wuta da ake sakowa daga Gaza, ba a sake buɗewa sosai ba sai tsakiyar Agusta. Duk ɗan kasuwar da kayansa ke hanya sai ya jira. A watan Agustan nan gwamnatin Trump ta soke tallafin fiye da dala miliyan 200 ga Falasɗinawa, ta kuma daina ba UNRWA ko sisi. Duk da haka, zuwa ƙarshen shekara ta ce wutar ta kai ga mutum kimanin 1,000.

## Ƙarshen 2018 zuwa 2023: kasuwa ta sake juyawa

A watan Oktoban 2018 Ƙatar ta fara biyan kuɗin man tashar lantarki, dala miliyan 60 a zagayen farko. Cikin 'yan makonni wuta ta tashi daga kamar awa biyar zuwa sama da goma a rana. Alheri ne ga jama'a, amma gidan da ke samun awa goma sha biyu ba ya gaggawar sayen ƙaramin akwati kamar gidan da ke samun uku. Farantan sola kuma suna ta arha a duniya, masu shigo da su Gaza suna ƙaruwa.

A shekarun da suka biyo baya kamfanin ya karkata ga manyan ayyuka, yana kafa wa cibiyoyi da wuraren tace ruwa sola. Buƙatar a fili take: fiye da kashi 95 cikin ɗari na ruwan ƙarƙashin ƙasar Gaza bai dace da sha ba, gishiri da ƙazanta sun shige shi, mutane daga ƙananan matatu suke sayen ruwa, matatun kuma ba sa aiki sai da wuta. A irin wannan ciniki mai biya sau da yawa ƙungiyar agaji ce, mai amfana kuma unguwa guda.

## Bayan Oktoban 2023

Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoba Isra'ila ta yanke layukan lantarki, tashar Nusairat ta mutu a 11 ga wata don mai ya ƙare. Daga nan sola ta zama kusan ita ce wutar talaka. Mai faranti ɗaya da ya tsira yakan kafa teburi a bakin tanti yana yi wa mutane cajin waya a kan 'yan kuɗi kaɗan. Faranti masu ɗimbin yawa kuwa sun tafi tare da rufin da suke kai. Jami'ar da injiniyar ta yi karatu an yi mata luguden wuta tun makon farko.

Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta ɓaraguzai tan miliyan 39 a tsakiyar 2024, alhali yaƙin 2014 kimanin tan miliyan biyu ya bari. Maganar sarrafa ɓaraguzai a yi kayan gini ta dawo bakin masana, sai dai waɗannan a cakuɗe suke da bama-baman da ba su fashe ba, da sinadarai masu cutarwa, da gawarwakin mutanen da ba a tono ba.

## Abin da ya yi aiki, da dalili

Kyautar gasa ta yi amfani, amma kuɗinta ne mafi ƙanƙanta a cikin amfanin. Abin da ya yi nauyi shi ne ɗakin gwaji na Japan da sunan da ta samu, wanda ya buɗe mata ƙofar shirin da ya biyo baya. Gasar dai ta yi hukunci ne a kan kyawun dabara, kuma dabarar kyakkyawa ce. Abin da gasa ba ta aunawa shi ne ko wanda ke riƙe da kuɗin gini zai saya. Bulon toka labari ne mai daɗin ji a zauren taro, 'yan jarida sun so shi ƙwarai, amma cinikinsa ya rataya a kan siminti da lantarki da dokokin masu ba da agaji, kuma babu ko ɗaya a hannunta.

Zaman Boston, a ganina, shi ne ya fi sauya al'amarin, saboda mutum aka tallafa wa, ba a ɗaure kuɗin a wuyan wani kaya ba. Da an ba ta jari da sharaɗin ta faɗaɗa masana'antar bulo, da rahoton ƙarshen shekara ya sa ta ci gaba da turawa a inda kasuwa ba ta karɓa. Wata uku da wuta da intanet ba yankewa, tare da mutanen da za su tambaye ta wa zai saya kuma da nawa, sun isa ta ajiye abin da ya yi mata suna ta ɗauki wanda ba shi da wani abin burgewa a fasaha amma mutane suna nema a daren nan. Shawarar gogaggu tana da iyakarta. Ɗan kasuwar Boston ya san lissafin riba da tsara farashi, amma raba akwati tsakanin gida biyu sai wanda ya san yadda ake zama a Gaza.

Kuɗin da ya fi kai wa ga talaka shi ne na karo-karo, don an zuba shi daidai inda giɓin yake, tsakanin dala 350 da abin da ke aljihun mai saye. Shirye-shiryen tallafi da yawa sun fi son kashe kuɗi a kan bita da tarurruka da tikitin jirgi, suna ƙyamar rage farashi wai yana ɓata kasuwa. A wurin da fiye da rabin jama'a ke cikin talauci kuma an hana su fitar da kaya su samu kuɗi, kasuwar a ɓace take tun farko. Raunin karo-karo shi ne ba a yin sa kullum. Yana bin labarin da ke tashe, kuma akwati 200 ya ɗauka, ba 20,000 ba. Komawar kamfanin ga manyan ayyuka da kuɗin ƙungiyoyi ta nuna cewa ciniki da gidajen talakawa kai tsaye bai kai ya riƙe kansa ba.

Sau uku ana juya mata kasuwa daga sama: buɗe ƙofar Salahuddin, da rufe Karam Abu Salim, da man Ƙatar. Babu horon da zai hango waɗannan. Mai son tallafa wa irin wannan sana'a a Falasɗinu ya kamata kasafinsa ya ƙunshi kuɗin ajiyar kaya a Ashdod, da lauyan da zai yi rajista a waje, da albashin watannin da ba a sayar da komai ba, ya kuma yarda tun farko cewa abin da aka rubuta a takardar neman tallafi zai iya canzawa kafin shekara.

Akwai kuma abin da wannan lamari ke ɓoyewa. Injiniyar tana jin Turanci, tana da digiri, iyayenta sun bar ta ta yi tafiya, takardunta kuma sun fito a kan lokaci sau biyu a shekara guda. Matakai biyu mafi muhimmanci a tafiyarta, Japan da Boston, duka a waje suka faru. A shekarar da Rafah ta buɗe kwana 36, shirin da ke buƙatar mutum ya fito daga Gaza yana zaɓa ne daga cikin waɗanda ofishin ba da izini ya riga ya tace, kuma waɗanda aka hana ba sa fitowa a rahoton kowa.